Baƙon Da Ya Zana Ƙofofin Kasuwa

Ana ruwa kamar da bakin ƙwarya motarmu ta shiga tashar Kawo. Na sauko da jaka ɗaya da butar shayina a leda, na raɓe ƙarƙashin wata rumfa. A garinmu, can ƙasar Adar cikin Nijar, idan hadari ya haɗu fitowa ake yi ana murna. A nan kuwa sai na ga mutane suna tsaki suna tsallake kwata, ba mai ɗaga kai ya dubi sama. Tun daga nan na san na yi nisa da gida.

Sunana Ilyasu, direban motar asibiti ne ni. Bokona bai wuce firamare ba, shi ma da Faransanci. Abin da ya kawo ni Kaduna wani mutum ne da ko sunansa ban sani ba. Shekarar da ta gabata 'yan bindiga sun afka wa kasuwar wani ƙauye kusa da mu, ni ne na fara isa da mota. Na rasa inda zan sa hannu. Duk wanda ya fi ihu shi na ɗauka. Akwai wani dattijo jingine da bangon masallaci, ya dafe cinyarsa, bai ce uffan ba, ido kawai yake bina da shi. Na ce, "Baba, yi haƙuri, yanzu zan dawo." Da na dawo ya riga ya cika. Likitanmu ya duba shi ya ce da an ɗaure cinyar nan tamau, ko da rawani ne, da ya kai asibiti da ransa. Ranar akwai rawani a kaina.

Likitan ne ya ga yadda na koma, ba ci ba barci, ya nemo mini gurbi a wani horo na wata biyu da wata ƙungiya ke yi a Kaduna. Masu kai agajin farko ake koya wa abin da za su yi idan an kai hari ko bam ya tashi. Ya rubuta mini takarda ya ce in je.

Ina tsaye a rumfar nan ina ta danna wayata ta ƙi shiga, sai wani mutum mai farar riga tsaf ya matso. Zai kai sa'ana, da carbi a hannu.

"Malam, daga Nijar ko? Ai layinku ba ya ja a nan. Kawo in sa a buɗe maka, ga shagon ƙanena can."

Na miƙa masa har da godiya. Na ga shigarsa shagon da idona. Na jira har ruwa ya ɗauke, sannan na bi shi. Ashe shagon ƙofa biyu gare shi. Mai shagon ya dube ni ya ce bai da wa, bai kuma san wani mai farar riga ba.

Ba wayar ce ta dame ni ba, tsohuwa ce. Duk lambobin mutanena suna ciki, ban haddace ko ɗaya ba. Akwai kuma muryar 'yata Rabi da na ɗauka tana gwalantu, wadda na yi niyyar in riƙa saurare.

Da na lalubo wurin horon, wani babban ɗaki ne a harabar wata tsohuwar makaranta, aka duba takardata aka ce an san da zuwana. Amma masauki na waɗanda ma'aikatunsu suka turo ne, ni sai in nemi nawa. Na fito na bi titi ban san inda na dosa ba, har na tsinci kaina a Hayin Banki ana kiran la'asar. Na shiga wani ƙaramin masallaci. Bayan an sallame kowa ya watse, na zauna da jakata a gaba, don ba ni da inda zan tashi in je.

Limamin tsoho ne, idonsa ya yi rauni. Ya ji motsina ya ce, "Akwai saura ne?"

Na ce, "Allah gafarta Malam, baƙo ne."

Ya karkato kunne. "Sake magana in ji. Daga ina kah hito?"

Yadda ya faɗi kalmar nan ya tuna mini da gida. Haka babana ke faɗinta. Shi ne Malam Tanimu, mutumin Zamfara, ya fi shekara talatin yana karantar da Alƙur'ani a unguwar, amma harshensa bai bar gida ba. Ya saurari labarina har ƙarshe bai katse ni ba. Sannan ya ce akwai wani ɗan ɗaki a zaurensa da yake ajiye alluna da buhunan masara, in ban raina ba.

A ɗakin nan na yi wata biyu. Rufin yana yoyo ta kusurwa ɗaya, sai na riƙa tara roba.

Mu wajen talatin ne a ajin: 'yan kwana-kwana, ma'aikatan jinya, jami'an kiyaye haɗurra, da 'yan agaji. Kowa ya zo da abokan aikinsa, suna da hirarsu da barkwancinsu. Ni kaɗai ne ba kaki, ba kowa. Ranar farko na tambayi wani, "Mi kac ce?" sai ajin ya fashe da dariya. Daga ranar ba wanda ya ƙara kirana Ilyasu, sai Nijar. "Nijar, ina ka ajiye kurar ruwanka?" "Nijar, haɗa mana shayi mana." Ba da mugunta suke yi ba, na sani. Amma sai na koyi yin shiru.

Mai koyar da mu tsohuwar nas ce da ta yi ritaya, Mama Saratu, gajeriya, da murya kamar ta soja. Kullum daga ƙetaren kogi take zuwa, kuma ba ta taɓa makara ba. Da Turanci take farawa, in ta hango ni na yi zuru sai ta juya Hausa ba tare da ta nuna don ni ta yi ba.

Abu na farko da ta koya mana ya ba ni mamaki. Ta ce, "In kun ji ƙara, kada wanda ya ruga. Wanda ya dasa na farko yakan ajiye na biyu domin ku, masu zuwa taimako. Ku tsaya sai jami'an tsaro sun ce a shiga. Gawarku ba za ta ceci kowa ba."

Ta koya mana ɗaure hannu ko ƙafa a tsayar da jini, da maɗauri na musamman, da kuma ɗankwali da guntun itace in babu shi. Mu murɗa har sai jini ya tsaya, ko mutum na zaginmu, mu rubuta lokacin da muka ɗaura. Ta raba mana ƙyallaye kala huɗu. Kore na mai iya tafiya da ƙafarsa. Rawaya na mai rauni da zai iya jira. Ja na wanda in ba a yi sauri ba zai tafi. Baƙi na wanda ya riga ya tafi. Kowane mutum rabin minti, ka ɗaura masa nasa ka wuce.

A mako na biyu ne ta ce, "Mai ihu yana da numfashi, yana da ƙarfi. Ku bar shi ya yi ihunsa. Wanda ya yi shiru, shi za ku fara nema."

Ban san lokacin da na tashi na fita ba. Na je bakin famfo na durƙusa. Can na ji takunta a bayana.

"Wa ka bari?" in ji ta.

Na ɗago na dube ta. Ban taɓa gaya wa kowa a Kaduna ba.

"Wani dattijo ne, Mama."

"Tawa yarinya ce mai jan ɗankwali. Na fi shekara ashirin ina ganinta. Wanke fuskarka ka dawo, ba mu gama ba."

Ranakun da ba aji su suka fi mini tsawo. Nakan hau keke in je Babbar Kasuwa, ba don in sayi komai ba, sai don in zaga wajen masu shayi ko zan ji harshen gida. In na ji, nakan tsaya nesa kaɗan in saurara, in wuce. Da yamma in hura gawayi a ƙofar zaure in dafa shayi. A gida mu biyar ko shida muke zagaye buta, a sha na farko, na biyu, na uku. A nan Malam ba ya sha saboda ciwon suga, sai in shanye ukun ni kaɗai ina kallon ruwa yana bin lungu.

Lambar likitanmu tana jikin takardar da ya ba ni, ta nan na samo ta matata Zainabu. Duk Juma'a Malam yakan ara mini wayarsa. Wata Juma'a ta ce, "Ɗiyarka ta hwara tahiya. Jiya ta taka har bakin ƙofa tana leƙen waje." Na ce madalla. Na mayar wa Malam wayarsa na shiga ɗaki na rufo.

A mako na biyar Mama Saratu ta ba mu aikin fita. Ta ce duk mai agaji ya kamata ya san wuri kafin ranar tsiya ta zo. Aka raba mu biyu-biyu, kowa ya je wurin taron jama'a ya zana: ƙofa nawa, ta ina mota za ta shiga, ina za a tara masu rauni, ina ne mutane za su matse in sun firgita. Aka haɗa ni da Kabiru, wani ɗan kwana-kwana, aka ba mu wata 'yar kasuwa da ba ta da nisa da unguwarmu. Da safe ya ce, "Nijar, yi gaba, ina nan tafe, zan biya wani wuri." Takardar izinin da aka ba mu tana aljihunsa.

Na jira shi a bakin kasuwa har rana ta take. Sai na ce bari in fara. Na zaga ina ƙirga taku, ina zanawa a littafina. Inda lungu ya tsuke na sa alama. Inda mutane suka fi cika, wajen masu kayan miya, na zagaye da biro. Na rubuta bayanin da Faransanci, don shi na iya. Ko kaɗan ban kawo komai a raina ba.

Hannu na ji a wuyan rigata.

"Kai, me kake rubutawa tun ɗazu?"

Wani mai tattasai ne, dogo, idanunsa jajur. Kafin in ba shi amsa ya fizge littafin. Mutane suka fara taruwa.

"Ku duba! Kasuwar nan ce ya zana! Ga rumfunanmu ya zagaye!"

"Wane rubutu ne wannan? Ba Turanci ba ne."

Wani ya zazzage jakata. Almakashi ya faɗo, da ƙyallaye, da maɗauran nan baƙaƙe masu sanda a jiki. Wata mata ta ƙwalla ƙara ta ce ga kayan haɗa bam. Na buɗe baki in yi bayani, tsoro ya sa harshen gida ya fito tsantsa: "Ku tsaya in hwaɗa muku, don Allah ku tsaya!"

"Kun ji ko? Ba ma ɗan ƙasar nan ba ne!"

Mai tattasan ne ya zaro gorar rumfarsa. Na ga tahowarta. Daga nan sai ƙasa, da ƙafafu, da jini yana shiga idona. Ina kwance ana dukana, muryar Mama Saratu nake ji tana cewa danne wurin, danne da ƙarfi. Na danne goshina da tafin hannu na dunƙule.

Sarkin kasuwa ne ya ratsa su, wani Alhaji mai jiki. Ya ja ni cikin shagon hatsi ya turo ƙofa ya sa sakata. A waje ana ta bugu ana cewa a fito da shi. Ya tsuguna yana haki ya ce, "Bawan Allah, ba zan iya riƙe su da daɗewa ba. Wa ka sani a garin nan?"

Wata guda da kwanaki ina cikin wannan babban gari. Na laluba kaina, na sake lalubawa. Suna ɗaya na samu wanda zan iya cewa ga gidansa.

"Malam Tanimu na Hayin Banki."

Ya aika a kira shi. Ban san tsawon lokacin da aka ɗauka ba. Na dai ji hayaniyar tana raguwa, sai ƙarar sanda tana dukan ƙasa, sai muryar Malam, wadda ban taɓa jin ya ɗaga ba sai ranar.

"Wa ya taɓa baƙona? A zaurena yake kwana. Bayana yake sallah kullum. Ya baro ɗiyarsa ya zo koyon yadda zai tsayar da jininku, ku kuka zubar da nasa?"

Da yawansu shi ya karantar da su ko 'ya'yansu. Suka fara ja da baya. Daga baya 'yan sanda suka zo, aka kira Mama Saratu ta kawo takardu, magana ta mutu. Aka yi mini ɗinki a goshi.

Kwana huɗu ina kwance. Mama ta zo da kunun gyaɗa a fulas, ta zauna kan buhun masara ta duba ɗinkin. Ta ce, "Laifina ne, Ilyasu. Na san garin nan, na san abin da mutanensa suka gani. Bai kamata in tura ka ba tare da na je da kaina na yi magana da su ba." Ita ta gaya mini mai tattasan sunansa Sale, kuma ƙanensa ya rasu a wani tashin bam shekarun baya, bai samu ko gawar da zai binne cikakkiya ba. Na ji, amma zuciyata ba ta yi sanyi ba. Kabiru ma ya zo, ya tsaya a bakin ƙofa yana murza hula, ya ce, "Ilyasu, ka yi haƙuri." Ranar ya fara kiran sunana.

Na gaya wa Malam gida zan tafi. Bai hana ni ba. Ya dai ce, "In ka tahi yanzu, mi za ka kai musu?" Da Juma'a ta zo na ce wa Zainabu lafiya lau nake, ruwa ne dai ya yi yawa. Ranar Litinin na koma aji da bandeji a kai.

Jarrabawar ƙarshe gwaji ne na gaske, a fili, da mutane. Sarkin kasuwa da kansa ya roƙi a yi shi a kasuwarsu. Aka yi kwanaki ana sanarwa a masallatai don kada kowa ya firgita. 'Yan kasuwa suka ba da kansu, aka shafa musu jan rini, aka gaya wa kowa irin raunin da zai nuna. Da taswirata aka tsara komai, wadda ɗigon jinina ya bushe a gefenta.

Mama ta busa usur. Kasuwa ta kaure da ihu. Ƙafafuna suka so su ruga, na riƙe su, har aka ɗaga hannu aka ce a shiga. Ni aka ba layin masu kayan miya. Na ɗaga murya na ce duk mai iya tafiya ya tashi ya koma gindin mangwaro. Wasu suka tashi. Na bi sauran ɗaya bayan ɗaya.

Na uku da na tarar Sale ne. Yana zaune a ƙasa, an shafa masa rini a damtse. Aikin da aka ba shi shi ne ya yi ta kururuwa ya riƙe mai agaji ya ɓata masa lokaci. Ya kama hannuna da hannu biyu, amma bai yi kururuwar ba. Ya dubi tabon goshina.

"Malam, don girman Allah ka yafe mini. Tun ranar ban—"

Ta bayan kafaɗarsa na hango ƙafa a ƙarƙashin tebur. Wata mata ce kwance, ba motsi, ba sauti, rini ya jiƙe zanenta daga gwiwa.

Na ɗaura masa kore. Na ce, "Kana magana, kana iya tashi. Koma gindin mangwaro." Na ɓamɓare yatsunsa daga hannuna na wuce.

Na ja matar na fito da ita, na ɗaure cinyar na murɗa, na rubuta lokaci, na sa mata ja, na kira masu ɗauka. Na wuce na gaba, da na gabansa. Da usur na biyu ya tashi rigata ta jiƙe sharkaf. Mama ta zo ta duba ɗaurin, ta gwada cusa yatsa ya ƙi shiga. Ta gyaɗa kai kawai ta wuce.

Na je gindin mangwaro. Masu kore suna ta dariya suna wanke rini. Sale ba ya cikinsu. Rumfarsa a rufe. Na koma washegari, maƙwabcinsa ya ce ya tafi ƙauye, mahaifiyarsa ba lafiya, ba a san ranar dawowarsa ba. Ni kuma jibi motata.

Malam ya raka ni har bakin lungu, iyakar inda yake zuwa ba jagora. Ya riƙe hannuna ya yi addu'a mai tsawo, ya ce in gaida ɗiyata. Na so in bar masa saƙo ya ba Sale, na buɗe baki, sai na ji yafiyar ba ta nuna ba tukuna, ba na kuma son in yi wa Malam ƙarya. Na tafi tasha ni kaɗai.

Mun wuce Zariya, mun wuce Gusau, kore yana raguwa, ƙasa tana komawa kalar da na sani. Ina ta ganin yatsun nan da na ɓamɓare ɗaya bayan ɗaya. Ya tara mutuncinsa duka ya zo ya zauna a ƙasa gabana, na ba shi rabin minti. Na san daidai na yi. Da za a sake, haka zan sake yi. Amma shi bai san haka ba. Yana can yana zaton amsata ke nan.

Dab da iyaka, mota ta tsaya ana duba takardu, kowa ya sauka ya bar ni a kujerar baya. A nan na ji abin ya sauka daga ƙirjina. Na faɗa a fili, da harshen gida, yadda ya zo mini.

"Na yahe maka, Sale."

Ba kowa a motar sai ni.